Taara Lightbridge: kilomita 20 a takarda, nawa ne a ƙarƙashin ranar azahar?

Lightbridge akwati ne da bai wuce girman fitilar danja ta kan titi ba. Guda biyu ake kafawa, ɗaya a kan wannan bene ko ƙarfen sabis, ɗaya a kan wancan, su fuskanci juna, su riƙa aika wa juna bayanai ta cikin siririn hasken leza da ido ba ya gani, mai tsawon zango wajen nanomita 1550, irin wanda ke gudu a cikin wayar faiba. Kamfanin Taara da ke ƙera shi ya fito ne daga ɗakin bincike na X na Alphabet, uwar Google, ya kuma tsaya da ƙafarsa a watan Maris na 2025 ƙarƙashin Mahesh Krishnaswamy. Abin da suke tallatawa shi ne gigabit 20 a sakan, nisan da ya kai kilomita 20, da wutar da ba ta wuce wat 40 ba. Kamfanonin sadarwa da masu sayar da intanet ake yi wa shi, ba kayan gida ba ne.

Na'ura ce mai kyau, kuma a irinta tana sahun gaba. Amma wanda ya ɗauki kilomita 20 ɗin nan ya tsara aikinsa a kai a ƙasa mai zafi da ƙura zai sha mamaki. Inda za ta biya kuɗinta shi ne tsakanin kilomita 2 zuwa 5, a can sama nesa da ƙasa, da layin sadarwa na rediyo a gefe yana jiran ko-ta-kwana. Dalilin yana cikin iskar da ke tsakanin akwatunan biyu.

Asalin fasahar daga sama ta sauko. Shirin Loon na Alphabet, na kai intanet ta balan-balan, wanda aka rufe a watan Janairun 2021, yana tura balan-balan zuwa tsayin kilomita 20, kuma injiniyoyinsa sun haɗa balan-balan biyu da leza a tazarar da ta wuce kilomita 100, da gudun sama da megabit 100 a sakan. A wancan tsayin kaurin iska bai kai kashi ɗaya cikin goma na wadda muke shaƙa ba, gajimare yana ƙasa, babu ƙura, babu ƙasa mai zafi kusa. Wahalar can ita ce saiti, domin balan-balan na lilo yana juyawa. Gwanintar saitin nan ce Taara ta gada, ta kuma kawo ta cikin mita talatin ɗin farko na saman ƙasa, inda iska ta fi ko'ina rashin natsuwa.

Kowa ya san kawalwainiya. Ka hangi mota daga nesa a kan kwalta da tsakar rana, sai ka ga tana rawa kamar a cikin ruwa, ƙasanta ya narke. Ƙasa ce ta ɗau zafi tana dumama iskar da ke kanta, dunƙulen iska mai zafi na tashi, mai sanyi na sauka, iskar gari na cuɗa su. Kowane dunƙule kaurinsa daban, don haka yadda yake lanƙwasa haske daban. Hasken da ya ratsa kilomita biyar ya bi ta dubban ƙananan gilasai ne marasa siffa, waɗanda ke sauyawa sau ɗaruruwa a sakan. Masana na auna ƙarfin wannan hargitsin da adadin da ake rubutawa Cn². Idan yana wajen 10⁻¹⁶ iska a kwance take, 10⁻¹⁴ matsakaici ne, 10⁻¹³ kuwa shi ne na azahar a kan busasshiyar ƙasa kusa da doron ta.

Ɓarna uku hargitsin ke yi, kuma ya kamata mai saye ya rarrabe su, saboda ɗaya kaɗai madubin cikin na'urar ke magancewa.

Manyan dunƙulen iska, waɗanda suka fi zaren hasken faɗi, karkatar da shi suke yi gaba ɗaya, ya riƙa yawo a kan fuskar mai karɓa. A nan Lightbridge ta yi zarra. Kamfanin na kwatanta aikin da saita haske mai kaurin tsinken cin abinci ya faɗa kan abu mai faɗin santimita 5 daga nisan kilomita 10. A lissafi kusurwa ce ta maikroradiyan 5. Don a ga ƙanƙantarsa: idan ƙarfen sabis ya murɗa da kashi ɗaya cikin goma na digiri, hasken zai kauce da mita 17 da rabi a wancan nisan. Cikin akwatin akwai madubi mai juyawa da na'urorin gane inda haske ya faɗo, akwatunan biyu su nemi juna da kansu, su kama, su riƙe, madubin yana iya gyara har digiri 5 kowane ɓangare. Wannan ya isa ya shanye lilon turke cikin iska, da miƙewar ƙarfe idan rana ta dake shi ta gefe ɗaya, da kuma hawa da saukar da zaren haske ke yi tsakanin dare da rana yayin da zafin iska ke juyewa. A Indiya har birai sun riƙa girgiza musu akwati a lokacin gwaji.

Ɓarna ta biyu ita ce ƙiftawa, irin wadda tauraro ke yi da dare. Ƙananan dunƙule na tattara hasken a wani wuri su yamutsa shi a wani, sai abin da ke isa wurin mai karɓa ya zama dabbare-dabbare, nan haske nan duhu, suna wucewa da gudun iska. Duk lokacin da duhun ya sauka a kan gilashin karɓa, ƙarfin saƙo na faɗuwa. Ana kiyasta tsananinta da lissafin Rytov, wanda ke ninka Cn² da nisa a ɗaga shi zuwa 11/6. Wannan 11/6 ɗin shi ne abin lura: ninka nisa sau biyu, adadin ya ninku sau uku da rabi. A haske mai nanomita 1550 da Cn² na 10⁻¹⁴, adadin yana 0.2 a kilomita 1, ya kai 0.7 a kilomita 2, ya kusa 4 a kilomita 5, ya doshi 48 a kilomita 20. Ƙasa da 1 ana cewa ƙiftawar mai sauƙi ce. Da ya wuce 1 an shiga mai tsanani, kuma daga nan ƙiftawar kanta takan cika ta daina ƙaruwa yadda lissafin ke nunawa, sai dai hasken ya riga ya farfashe. Idan Cn² ya hau 10⁻¹³, ninka duk waɗannan sau goma, wato tun a kilomita ɗaya an tsallaka iyakar.

Madubi ba ya iya komai a kan wannan. Ko ya saita daidai tsakiyar zaren, idan tsakiyar duhu ce a wannan lokacin, duhu zai karɓa. Abin da ke taimakawa shi ne faɗin gilashin karɓa, yadda zai kwashi tabon haske da na duhu a lokaci ɗaya su daidaita juna. Girman tabon kuwa yana bin tushen ninkin tsawon zango da nisa: wajen santimita 4 a kilomita 1, kusan santimita 9 a kilomita 5. Akwati mai girman fitilar danja ba zai ɗauki gilashin da ya ninka haka sau da yawa ba, don haka rangwamen da yake samu na raguwa da nisa.

Ta uku ta fi ɓoyuwa. Na'urori masu gudun gigabit goma zuwa sama galibi suna dunƙule hasken da suka karɓa su cusa shi cikin zaren faiba mai ƙwayar ciki wajen maikromita 9, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, don a ƙara masa ƙarfi kafin a karanta shi. Hasken ba ya shiga wannan 'yar ƙofa sai fuskarsa ta zo a miƙe. Faɗin da fuskar ke zama a miƙe ana kiran sa tsayin Fried, kuma a Cn² na 10⁻¹⁴ yana kusan santimita 8 a kilomita 1, santimita 3 a kilomita 5, ɗan sama da santimita 1 a kilomita 20. A azahar mai 10⁻¹³, kilomita 5 na mayar da shi milimita 7 da rabi. Da zarar gilashin karɓa ya fi wannan tsayin faɗi sosai, hasken ba ya dunƙulewa wuri ɗaya, ya warwatse a bakin faiba, mafi yawansa ya zube a waje. Ga gaba kura baya sayaki: babban gilashi na rage ƙiftawa, amma yana ƙara wahalar cusa haske a faiba. Manyan tashoshin ƙasa masu magana da taurarin ɗan'adam na warware wannan da madubi mai lanƙwasuwa, ko da dabarar kamfanin Cailabs na Faransa ta raba hasken gida-gida a sake haɗa shi. Waɗannan kaya ne masu tsada da girma, ba na rataye wa a turke ba.

Tsawon lokacin da saƙo ke dushewa ma lissafinsa a fili yake: girman tabo a raba da gudun iskar da ke ratsa hanyar. Tabo mai santimita 5 da iska mai mita 5 a sakan ya ba da milisakan 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Kamar ba komai, amma a gigabit 20 kowane milisakan ɗaya megabait biyu da rabi ne. Tsarin gyaran kuskure na faiba an yi shi ne don 'yan bit da suka ɓata jefi-jefi, ba don ramin da ya haɗiye miliyoyi a jere ba. Ko dai a barbaza bayanan a tsawon lokacin da ya fi ramin, ko a adana kwafi a sake aikawa, kuma dukansu biyun jinkiri suke ƙarawa. Taara ta ce na'urarta na ƙara ƙarfin leza da sauya yadda take sarrafa bayanai gwargwadon yanayi, shi ya sa giftawar tsuntsu ko yayyafi ba sa yanke hulɗa. Abin da mai saye zai nema a rubuce shi ne jinkiri mafi muni da ake gani da azahar, musamman idan layin zai ɗauki kiran murya ko ya ciyar da tashar 5G, inda rawar jinkiri, wato hawa da saukarsa, ta fi raguwar gudu illa.

A jirgin sama lissafin na juyewa, kuma yana da kyau a san shi don kada a ruɗu da labaran gwaji. A 2013 cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta aiko da gigabit ɗaya a sakan daga jirgin yaƙi samfurin Tornado mai gudun sama da kilomita 700 a awa zuwa tashar ƙasa daga nisan fiye da kilomita 50. Jirgi mai mita 200 a sakan yana keta tabo mai santimita 5 cikin rubu'in milisakan, don haka ramukan gajeru ne, sun fi sauƙin cikewa, ko da yake madubin saiti sai ya yi sauri sosai, ga kuma siririyar iska mai hargitsi da ke manne a jikin jirgin daidai bakin tagar. Sannan mafi yawan hanyar hasken a sama take, ƙarshenta kaɗai ke shiga iskar ƙasa. Layin kan bene kuwa daga farkonsa har ƙarshensa a cikin wannan iskar yake kwance. Kilomita 10 tsakanin benaye biyu na iya fin kilomita 50 daga jirgi wuya, kuma ranar da iska ta tsaya cik ramukan kan fi tsawo.

Shaidar da aka fi ambata ita ce ta Kogin Kwango a 2021. Brazabil da Kinshasa na kallon juna a tazarar kilomita 4.8, amma wayar faiba sai ta yi zagayen fiye da kilomita 400. Taara ta ce layinta ya ɗauki kusan terabait 700 a kwana 20, yana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokacin. Aiki ne na a yaba. Sai dai a duba alƙaluman da kyau. Terabait 700 a kwana 20 matsakaicin gigabit 3.2 ne a sakan, wato ba a cika bututun ba. Kashi 99.9 na kwana 20 yana nufin wajen minti 29 babu layi, a shekara kuwa kusan awa 9, alhali manyan layukan kamfanonin waya kan nemi 99.99, minti 53 kacal. Kuma hanyar a kan ruwa take. Saman kogi ba ya ɗaukar zafi kamar fako ko rufin kwano, don haka hargitsin rana ya fi sauƙi a can. Kwana 20 a kan kogi ba sa faɗa maka abin da zai faru a watan Afrilu a kan rufunan Sakkwato, ko a watan Janairu a Damagaram.

Janairu kuwa matsalarsa daban ce, kuma ita ce ta fi kashe layi. Hargitsi na wasa da haske ne na 'yan milisakan, hazon hunturu kuwa cinye shi yake yi na awoyi, wani lokaci kwanaki. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi kan sauko da nisan gani ƙasa da kilomita ɗaya, har jirage su kasa sauka a Kano da Maiduguri. Ƙa'idar Kim, wadda aka saba amfani da ita wajen kiyasta hasken da hazo ke cinyewa, na ba da asarar ƙasa da rabin desibel (ma'aunin raguwar ƙarfin saƙo) a kowace kilomita idan ana hangen kilomita 10, desibel 4 da ɗoriya idan kilomita 2 ake gani, desibel 10 a kilomita 1, da 34 a mita 500. An gina ƙa'idar ne a kan hazo mai danshi, don haka a kan ƙura kiyasi ce kawai, amma ta isa nuna hanya. Ɗauka, a misali, layinka na da rarar desibel 30 bayan an cire kason ƙiftawa. Ranar da ake hangen kilomita 2, zai rayu har kilomita 7. Ranar kilomita 1, iyakarsa kilomita 3. Ranar mita 500, ko kilomita ɗaya ba zai kai ba. Ruwan sama mai milimita 25 a awa na cin desibel 9 a kilomita, mai 50 kusan 15, amma shi yakan wuce cikin awa guda. Rangwame ɗaya dai: ranar da hazo ya yi kauri rana ba ta dukan ƙasa sosai, don haka masifun biyu ba su cika haɗuwa da cikakken ƙarfinsu ba.

Saboda haka aikin farko kafin a yi oda shi ne samo bayanan nisan gani na filin jirgin sama mafi kusa, na awa-awa, na aƙalla shekara uku, a ƙirga awoyi nawa ne ganin ya faɗi ƙasa da abin da layin zai jure. Wannan ƙidayar ce za ta faɗi nisan da za a iya, ba takardar talla ba.

Sai tsayi. Da rana Cn² na raguwa da tsayi a ɗaga shi zuwa 4/3: daga mita 3 zuwa mita 30 yana sauka sau 21, daga mita 10 zuwa 30 sau huɗu da 'yan kai. Babu wani gyara a cikin akwatin da ke ba da riba irin wannan. A auna tsayin daga abin da ke ƙarƙashin hasken a tsawon hanyar, ba daga gindin turken ba, domin unguwa mai rufin kwano a kan tudu a tsakiyar hanya na iya kusantar zaren da 'yan mitoci. Ga kuma doron duniya, wanda ke tasowa a tsakiya da rabin mita a layin kilomita 5, mita 2 a na 10, kusan mita 8 a na 20. Amma hawa can ƙolin siririn ƙarfen sabis na ƙara lilo, don haka a ɗaura a kan ƙafar turken, kusa da inda sandunan giciye suka haɗu, ba a kan dogon hannu mai fitowa waje ba. A kan bene a nemi ginshiƙin kankare na kusurwa.

Mitocin farko na gaban akwatin su ne aka fi yin sakaci da su. Idan aka kafa shi a tsakiyar dakalin bene, hasken zai shafi kankare mai zafi na mita goma ko ashirin kafin ya fita fili. A kai shi bakin gini. A duba ina bututun hayaƙin janareta yake, ina na'urar sanyaya ɗaki ke huro zafinta, ko akwai gidan burodi ko injin niƙa a ƙarƙashin hanyar. Layin da ke yankewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, sau da yawa ba matsalar wuta ba ce, janareton da aka tayar ne ke tura iska mai zafi a gaban gilashin. A duba alkibla ma: a yankin da ke wajen digiri 12 arewa, rana na fitowa tsakanin digiri 24 arewa da gabas da digiri 24 kudu da ita a tsawon shekara, don haka duk layin da ya kwanta cikin wannan tazarar zai samu wasu kwanaki, sau biyu a shekara, da rana ke tsayawa daidai bayan ɗaya akwatin ta makantar da ɗayan na 'yan mintuna.

Saitin farko a yi shi jim kaɗan bayan fitowar rana ko dab da faɗuwarta, lokacin da zafin ƙasa da na iska ke daidaita, hargitsi ya kwanta. Gwajin karɓar aiki kuwa a yi shi akasin haka, daga sha biyu zuwa uku na rana, a cika layin da kaya, a bar shi makonni. Gwajin ping, wanda ke tura ɗan saƙo ya jira amsa sau ɗaya a sakan, ba ya ganin ramin milisakan 10, zai nuna komai lafiya alhali masu kira na jin murya na tsinkewa. A yi amfani da na'urar gwaji mai aika dubban ƙunshin bayanai a sakan, a ajiye kididdigar waɗanda suka ɓace da rawar jinkiri awa-awa. Gilashin gaba a riƙa hure masa ƙura kafin a goge da kyalle mai laushi, in ba haka ba yashin zai kankare shi, kuma a hunturu a sa wannan cikin jadawalin aiki.

Rediyon madadi ya zama dole. Na zangon gigahaz 70 zuwa 80 na ba da har gigabit 10 a 'yan kilomitoci, kuma hazon hunturu ba ya damun sa, amma mamakon ruwa na kayar da shi tare da lezar a lokaci ɗaya. Wanda ke son layin da ba ya mutuwa a damina ya haɗa da rediyo mai ƙasa da gigahaz 11, ya haƙura da ƙaramin gudu na wannan awar. A sa wannan kuɗin, da na lasisin mitar rediyon, cikin kasafi tun farko, ko da yake ita lezar ba ta cikin mitocin da hukumomi ke rabawa.

Ta fuskar wuta ba abin ƙorafi: wat 40 dare da rana bai kai kilowat-awa ɗaya ba a kowane gefe, abin da ƙaramin sola da batir za su ɗauka. Kafawa aikin awoyi ne zuwa 'yan kwanaki, babu haƙa, babu neman izinin tsaga titi, babu wayar da katafila za ta tsinka a wurin aikin hanya. Don tsallake kogi, ko haɗa ofisoshi biyu a gari ɗaya, ko riƙe layi kafin faiba ta iso, da wuya a samu abin da ya kai ta.

A Fabrairun 2025 kamfanin ya nuna wani ɗan guntun silikon mai girman farce da ke juya haske ba tare da madubi mai motsi ba, ya ce ya aika gigabit 10 a sakan a nisan kilomita ɗaya a fili. Cire sassa masu motsi zai rage girma da lalacewa. Sai dai a kilomita ɗaya adadin Rytov 0.2 ne a matsakaicin yanayi, tsayin Fried kuma santimita 8, wato iska ba ta fara nuna halinta ba. Alƙaluman da za a jira su ne na kilomita 5, da ƙarfe biyun rana, a kan busasshiyar ƙasa.